Kurakuran da ke kashe jar giyar Bordeaux kafin ta nuna

Na gaji da ganin sababbin ma'aikatan otal suna maimaita ɓarna iri ɗaya da kwalba mai tsada.

Babbar ɓarnar ita ce zafi. Giyar Médoc, wani sashe na yankin Bordeaux a Faransa, wadda ta yi suna da inabin Cabernet Sauvignon, tana son digiri 12 zuwa 14, wuri mai duhu da ɗan laima, kuma sanyin kada ya riƙa hawa da sauka. Amma sai ka tarar an jera ta a tsaye kusa da kicin, fitila na dukan ta dare da rana, wai don baƙi su gani. Haba! In ta yi makonni a sama da digiri 25, dahuwa take yi: ruwan ya kumbura, ya turo toshiyar sama, ya tsattsafo ta ƙarƙashin rufin wuyan kwalba. Shafa wurin da yatsa. In ka ji danƙo, an gama. Ƙamshin ya gudu, saura ɗanɗanon dafaffen 'ya'yan itace, kuma ko ka mayar da ita sanyi ba abin da zai dawo. A kwance ake ajiye ta, don toshiyar ta zauna a jiƙe. In ta bushe takan tsuke, iska ta samu hanya.

Sai masu ganin kowace jar giya gyaruwa take da tsufa. Wa ya gaya muku? Bauri da tsami ne ke riƙe giya ta daɗe. Ta Pauillac, wani gari a Médoc, ta shekarar 2010 ko 2016, tana sabuwa takan ɗaure dasashi kamar ka tauna ɗanyen goro, sai sabon shiga ya yatsina fuska ya ce ta lalace. Ba ta lalace ba, ba ta nuna ba ne. Bayan shekara 15 zuwa 20 baurin ya yi laushi, ƙamshin ganyen taba da fata da itacen al'ul ya fito, gefen ruwan a kofi ya koma jan bulo. Ta Saint-Émilion da Pomerol, wasu sassan na Bordeaux inda inabin Merlot ya fi yawa, takan riga ta laushi. Beaujolais Nouveau kuwa, giyar wani yankin daban na Faransa da ake fitarwa ranar Alhamis ta uku a watan Nuwamba, ta 'yan watanni ce. Wadda aka rubuta mata Bordeaux kawai, ni ba na barin ta wuce shekara biyar.

Da aka ce a sha a zafin ɗaki, ɗakin Faransa ake nufi, digiri 16 zuwa 18. A ƙasa mai zafi, sa ta a firiji minti 20 zuwa 30.

Tsohuwar kwalba, tsayar da ita kwana guda diddigar ta kwanta, sannan ka tsiyaye a hankali da fitila a ƙarƙashin wuyanta. Diddiga na isowa, ka dakata. Sabuwa mai bauri nakan ba ta awa ɗaya ko biyu ta sha iska, tsohuwa kuwa rabin awa ma ya yi yawa wani lokacin.

Warin jiƙaƙƙen kwali daga toshiya yake, jira ba ya kore shi, a mayar da kwalbar.

Kofi kada ya wuce sulusi, kuma mai ɗanɗanawa ya bar turare a gida.