Yadda za a yi wa yara bayanin balaga da haihuwa kafin jikinsu ya fara sauyawa

Kuskuren da iyaye da malamai suka fi yi shi ne jira. Yarinya kan fara balaga tsakanin shekara 8 zuwa 13, yaro kuma tsakanin 9 zuwa 14. Wanda ya bari sai 'yarsa ta kai 13 zai iya tarar da ta riga ta ga jini ita kaɗai, ta tsorata, ta ɓoye. Don haka a fara tun yaro yana shekara 8 ko 9, kuma kada a tara maganar a zama ɗaya. Hirar minti biyar zuwa goma, ana yi ana sakewa, ta fi shiga. A soma da tambayar abin da ya riga ya ji, don a gane inda abokai suka rikita shi.

A kira kowace gaɓa da sunanta: farji, azzakari, 'ya'yan maraina, mahaifa. Akwai nauyin baki, gaskiya ne, amma yaron da kawai “wajen nan” ya sani ba zai iya faɗa wa likita inda ke masa ciwo ba, balle ya bayyana abin da wani ya yi masa.

Ga 'ya mace, alamar farko yawanci ƙirgar dangi ce: ɗan ƙullutu mai tauri a ƙarƙashin kan nono, wani lokaci gefe ɗaya kawai, da ɗan zafi. Jinin al'ada kan biyo baya da kamar shekara biyu. Wata shida zuwa shekara ɗaya kafin ya zo, za ta riƙa ganin farin ruwa mara wari a kamfai. Da zarar farin ruwan ya bayyana, a nuna mata audugar mata a zahiri, yadda ake liƙa ta, yadda ake naɗe ta a yar, a saka mata biyu a jakar makaranta. A canza duk bayan awa 4 zuwa 6. Jinin kan yi kwana 3 zuwa 7, kuma duk abin da ke fita bai cika wuce cokali biyu zuwa uku na cin abinci ba, ko da yake a ido yana kama da ya fi haka. Na farko kan zo ruwan ƙasa-ƙasa, shi ya sa wasu yaran ke zaton ƙazanta ce. A shekara biyun farko yana iya tsallake wata, wannan ba ciwo ba ne.

Yara maza su aka fi mantawa da su. A wurinsu girman 'ya'yan maraina ne ke fara zuwa, sai gashin gaba, sai buɗewar murya. A gaya masa tun wuri cewa zai iya farkawa ya ga wandonsa ya jiƙe da maniyyi, ba fitsarin kwance ba ne, ba kuma laifi ya yi ba. Nonon wasu kan ɗan kumbura, daga baya ya sace da kansa. Warin hammata da ƙurajen fuska kuwa na kowa ne: wanka da sabulu kullum, sauya tufafin ciki, a bar matse ƙuraje don kada su bar tabo.

In aka zo kan haihuwa, a taƙaita amma a faɗi gaskiya. Kusan kowane wata jikin mace yana sakin ƙwai ɗaya, kamar kwana 14 kafin al'ada ta gaba. Idan namiji da mace suka sadu, ƙwayar maniyyi ta haɗu da ƙwan, sai ya manne a bangon mahaifa ya girma har kimanin mako 40. Idan ba su haɗu ba, shimfiɗar da mahaifa ta tanada ce ke zubowa, ita ce al'ada. Abu biyu yara ke yawan kuskurewa: ciki na iya shiga a saduwa ta farko, kuma yana iya shiga tun yarinya ba ta taɓa ganin jini ba, domin sakin ƙwai na iya rigan al'adar farko. A haɗa da ƙa'ida guda: babu mai ikon taɓa al'aurarsa ko neman hotonta, ko ɗan'uwa ne, kuma duk wanda ya ce “kada ka faɗa wa kowa”, shi ne za a fara kawo ƙararsa.

A kai yaro asibiti idan alamun balaga sun fito kafin shekara 8 ga mace ko 9 ga namiji, idan mace ta kai 13 ba ƙirgar dangi ko 15 ba al'ada, ko namiji ya kai 14 ba wani sauyi. Haka nan jinin da ya wuce kwana 7, ko mai jiƙa auduga duk awa ɗaya, ko ciwon marar da ke hana zuwa makaranta. Ciwo mai tsanani da ya taso farat ɗaya a ɗan maraina ba ya jiran gobe: yana iya zama murɗewar jijiya, kuma cikin kamar awa 6 ake so a yi aiki kafin ɗan marainan ya lalace saboda rashin jini.