Matakan yin aure da samun magaji a wasan Medieval Dynasty

Matasan unguwannin Nima da Mamobi a Accra da ke buga wannan wasan kwamfuta na kamfanin Render Cube, wanda ya fito a 2021, sukan tambayi yadda Racimir, saurayin da kake zama shi a wasan, zai yi aure har gidansa ya ɗore.

Da farko ka gina gida, domin babu macen da za ta amince da kai alhali ba ka da muhalli. Bayan haka ka je ƙauyen Gostovia wurin Uniegost, wakilin sarki a kwarin da labarin wasan ke gudana, ka karɓi ayyukan da zai ba ka, saboda cika su ne ke ɗaga martabar zuri'arka. Shi ne kuma ke karɓar haraji kowace shekara, don haka ka riƙa ajiye kuɗi.

Neman auren shi ne inda ya fi buƙatar haƙuri. Ka zaɓi budurwa a ɗaya daga cikin ƙauyukan, ka riƙa zuwa hira kullum, kana lura da halinta kafin ka zaɓi amsa, domin maganar da ta faranta wa wata rai tana iya ɓata wa wata. Sai ma'aunin ƙaunarta ya kai 100 sannan za ka nemi aurenta, kuma a ganina gaggawa a nan asara ce.

Idan ta tare, kada abinci da ruwa da itacen girki su yanke a rumbunka. Ka adana wasan a kai a kai, saboda ɗaukewar wuta. Ɗan da za ta haifa, da zarar ya cika shekara 18, za ka iya ci gaba da wasan da shi.