Kurakuran da ɗalibai suka hi yi in karatun jami'a ya tsaya musu ba shiri

Shekarar da Baba ya kwanta ciwo ina samestir na ukku, na dawo gida unguwar Bagalam a Maradi da niyyar sati biyu, sai da na yi wata goma sha ɗaya. Wani yajin aiki ne zai cinye mishi shekara, wani kuɗin rajista ne sunka gagara, wata haihuwa ce, wani ya samu bak, wato jarrabawar gama sakandare, amma dosiyenshi bai wuce ba. Dalili daban-daban ne amma kuskuren kusan iri guda muke yi, ni ma na yi wasu, shi ya sa nike rubuto muku wannan ƙannaina.

Babban su duka shi ne jiran sati mai zuwa. Kullum kana cewa ai an kusa komawa, ai Baba ya ji sauƙi, ai an ce za a biya burs (kuɗin tallahin karatu), don haka ba ka kama komi ba tunda kar ka fara abu a kira ka. Haka wata ukku na farko sunka wuce mini, barci har hantsi, da la'asar fada, shayi na ɗaya na biyu na ukku, belot, gardamar ƙwallo, a sayi mega a ƙone a TikTok, dare ya yi. Fada ba laihi ba ce, can na samu masu ɗebe mini kewa lokacin da hankalina ya tashi, amma wanda ya taso daga aiki ya zo ya sha shayi daban yake da wanda fadar ce aikinshi. Gyaran shi ne ka zauna ka gaya ma kanka gaskiya, wagga shekara ta tahi, sai Oktoba mai zuwa. Ranar da ka yarda da haka ranar za ka ga ashe kana da damina guda, kaka guda, sanyi guda da bazara guda a hannu, kuma kowanne da aikinshi a garin nan. In kuma an kira ku kahin lokacin, alhamdulillahi, ba abin da ka rasa.

Sai maganar takardu, nan ne mutane ke kuka daga baya. Ɗalibi ya ɓace kawai ba sallama, bai je eskolarite (ohishin rajistar ɗalibai) ba, bai rubuta ma shugaban sashe ba, bai amshi relebe ɗinshi (takardar makin da ya ci) ba. A tsarin LMD da jami'o'inmu ke bi, lisans, wato digiri na farko, shekara ukku ce, samestir shidda, kiredi 180 (makin da ake tarawa in an ci darasi), kowane samestir 30, kuma abin da ka riga ka ci ana aje maka shi, to amma da mi za ka nuna in ba takarda? Ko a Dan Dicko Dankoulodo kake nan Maradi, ko Abdou Moumouni a Yamai, ko Zinder ko Tahoua, taka da ƙafarka ka je, ka kai wasiƙa da dalilinka, in ciwo ne haɗa da takardar likita, ka riƙe kwafi. In kana da burs ka tambayi ANAB, hukumar da ke biyan burs, yadda zancenta zai kasance, kar ka dogara da an ce an ce na gurup ɗin WhatsApp. Ka ɗauki hoton kowace takarda ka tura ma kanka, gara da ruwan damina ba su san diflom ba.

Wasu kuma girman kai ke hana su motsi, wai ɗan jami'a ba ya zama shago. Haba, a Maradi? Garin da kasuwa ta gina? Ni kawuna na bi, na riƙe mishi littahin lissahi lokacin sayen aya da wake, can na koyi yadda ake sayen tiya a kasuwar ƙauye da kaka a aje sai farashi ya tashi, abin da ba wanda ya koya mini a aji. Mai karatun noma ya sauka lambunan Jiratawa ko bakin gulbi da sanyi, ya nemi istaj, wato koyon aiki, a INRAN, cibiyar binciken noma ta Tarna, ko da ba biya. Mai lissahi ya tara 'yan birbe (jarrabawar gama ƙaramar sakandare) da 'yan bak na unguwa ya riƙa yi musu bita da marece, ga kuɗin sabulu ga kai bai yi tsatsa ba. 'Yan mata, kiwon jar akuya a gida ko ɗinki ba ƙasƙanci ba ne, kuma don Allah in an fara cewa tunda kina zaune a yi aure, ki sa Inna da Baba su yi maganar komawarki karatu a hili tun kahin a sa rana.

Kishiyar wannan ma kuskure ne, kuɗi su shigo ka mance hanya. Ka hau kabu-kabu kana samun 'yan jikkuna kullum, littahi ya koma ƙarƙashin katifa. Ko awa guda bayan sallar asuba ka buɗe littahin darasinka, ka roƙi 'yan ajinku su riƙa turo maka abin da aka yi, in da hali ka koyi kwamfuta ko Ingilishi tunda ga Katsina nan kusa da mu.

Tahiya bida ko ramin zinariya kuwa ina roƙonku ku yi tunani sau biyu. Duk mun tuna yadda rami ya rufta da mutane a Garin Liman wajen Dan Issa a Nuwamban 2021. Wanda ya ce zai je haƙar zinariya Jado ko bida Libiya na wata shidda ya dawo ya biya rajista, da wuya lissahin ya tahi yadda ya tsara.

Kuɗin komawa kuma kar ka bari sai Satumba. Tun yanzu ka shiga adashe ko ka riƙa ba Inna ajiya duk sati, kuɗin rajista, na ɗaki, na fotokopi, ka gaya mata ko kai ka zo ka tambaya kar ta ba ka sai ranar da aka buɗe rajista.