Yadda ake shirya kwamfutar da za ta kula da na'urorin Wi-Fi

Da farko ka ware kwamfuta guda don wannan aikin kaɗai. Kada a riƙa buɗe imel ko yawon intanet da ita, domin duk wanda ya kutsa cikinta ya riƙe makullin dukkan na'urorin watsa Wi-Fi na wurin.

Sai ka haɗa ta da kebul, ba ta Wi-Fi ba. A nan ne mutane da yawa ke tuntuɓe. Kana cikin canja kalmar sirri ko tashar da Wi-Fi ke watsawa a kai, na'urar ta sake tashi, kai ma ka yanke, ga kuskure kana gani amma ba hanyar komawa ka gyara. Kebul ba ruwansa da wannan.

Ka ba ta adireshin IP na dindindin, wato lambar da ake gane ta da ita a hanyar sadarwa, a layi ɗaya da na'urorin. Idan suna kan 192.168.10.0, misali, ka ba ta 192.168.10.5, muddin lambar ba ta cikin waɗanda DHCP, tsarin da ke raba adireshi kai tsaye, yake rabawa. Ni dai ina ganin ya fi kyau a ware musu VLAN nasu na gudanarwa, wato keɓantaccen sashe na hanyar sadarwa, yadda baƙon da ya hau Wi-Fi ba zai ga ko da shafin shiga saitin na'urorin ba. Sannan a katangar tsaro (firewall), mai tace wanda zai shiga, ka ce adireshin wannan kwamfutar kaɗai aka yarda ya isa gare su.

Yanzu kayan aiki. Burauza ta zamani, manhajar SSH irin su PuTTY, ta ba na'ura umarni daga nesa a ɓoye, da manhajar da ke tattara na'urorin wuri guda, kamar UniFi Network ta Ubiquiti ko Omada ta TP-Link. Na'urorin UniFi ta ƙofar sadarwa (port) mai lamba 8080 suke kiran manhajarsu, in ka toshe ta ba za su bayyana ba. Shiga kuwa ta SSH a ƙofa 22 ko ta HTTPS, wato shafin burauza mai ɓoye bayanai. Telnet, tsohuwar hanyar shiga daga nesa, a kashe shi, domin a fili yake aika kalmar sirri.

Da shigarka ta farko, canja kalmar sirrin da na'urar ta zo da ita, ka sabunta manhajar cikinta, ka kunna tsarin tsaron Wi-Fi na WPA3 ko aƙalla WPA2. A zangon 2.4 GHz ka raba tashoshi 1, 6 da 11 tsakanin na'urorin da ke kusa da juna. Saita agogon na'urorin da NTP, tsarin daidaita lokaci ta hanyar sadarwa, in ba haka ba bayanan da suke ajiyewa ba za su yi maka amfani ba ranar bincike.

Kafin kowane canji, sauke kwafin saitin ka ajiye shi a wani wuri daban da wannan kwamfutar.