Darasi na 7: Atisayen Ƙarfi da Hutu ga 'Yan Mata

Wannan atisaye ba ya cin lokaci, numfashi yake ci. Za ki yi aiki da kusan iyakar ƙarfinki na ɗan lokaci, daga daƙiƙa 10 zuwa minti 4, ki sassauta ki huta, sannan ki koma. Ana iya yin sa da gudu, tuƙa keke, tsallen igiya, hawan bene, ko tsugunawa da miƙewa. A shekarar 1996 wani masani ɗan Japan, Izumi Tabata, ya gwada tsarin aikin daƙiƙa 20 da hutun daƙiƙa 10 sau 8, minti 4 ke nan gaba ɗaya. Gogaggun 'yan wasa ya gwada wa, don haka ba da shi ake farawa ba.

Ta yaya za ki san kin kai tsananin da ake so? Ki cire shekarunki daga 220. Mai shekara 20 za ta samu 200, wato kiyasin iyakar bugun zuciyarta a minti ɗaya. A lokacin aiki ana so bugun ya kai kashi 80 zuwa 90 cikin 100 na wannan adadi, wato 160 zuwa 180. Ki ɗora yatsu biyu a jijiyar wuyan hannu, ƙasan babban yatsa, ki ƙirga na daƙiƙa 15, ki ninka sau 4. Idan ba agogo, gwada magana: in kina iya hira, ba ki kai ba, in kalma biyu ko uku kawai ke fita kafin ki ja numfashi, kin kai.

Amfaninsa na farko a zuciya yake. Tana sabawa da tura jini mai yawa a kowane bugu, tsoka kuma tana ƙara iya amfani da iskar da jini ya kawo mata. Bayan wasu makonni, benen da ke sa ki haki a da sai ki hau shi kina magana. A wani bincike da aka yi a Ostireliya aka wallafa a 2008, 'yan mata sun tuƙa keken motsa jiki daƙiƙa 8 da ƙarfi, daƙiƙa 12 a hankali, na minti 20, sau 3 a mako har mako 15. Sun rage kitse kimanin kilo 2.5, ƙarfin numfashinsu ma ya ƙaru. Mako 15 fa aka ce; wadda ke hawa sikeli bayan kwana uku wahalar da kanta kawai take yi.

Mai farawa ta ɗumama jiki minti 5 zuwa 10 da tafiya mai sauri. Sai aiki daƙiƙa 30, hutu daƙiƙa 90, zagaye 6, sannan tafiya a hankali minti 5. Hutun ba zama ba ne, ki ci gaba da taku, domin tsayawa cak bayan gudu yana tara jini a ƙafafu ya kawo jiri. Bayan mako biyu ko uku ki ƙara zagaye zuwa 8, daga baya ki rage hutu zuwa daƙiƙa 60. Abu ɗaya ake ƙarawa a lokaci guda. Sau 2 ko 3 a mako ya isa, da ratar kwana ɗaya aƙalla, don a ranar hutu tsoka ke gyara kanta.

Inda aka fi samun matsala shi ne gwiwa. Mata sun fi maza yagewar jijiyar cikin gwiwa, galibi wajen dira daga tsalle, lokacin da gwiwoyin ke karkatowa ciki suna neman haɗuwa. Ki dira a kan gaban tafin ƙafa, gwiwa a ɗan lanƙwashe, tana kallon inda yatsun ƙafa ke kallo. Da zarar gajiya ta ɓata tsayuwarki, zagayen ya ƙare, ko da saura lokaci. Takalmi mai taushin ƙasa da rigar mama mai riƙewa sosai suna rage ciwo.

Akwai kuma batun jini. Mai yawan zubar jini a lokacin al'ada kan samu ƙarancin jini, sai ta ga kasala, jiri da bugun zuciya tun ba a je ko'ina ba. Wannan ba ragwanci ba ne, gwajin jini take buƙata. Wadda kuma ta haɗa atisaye mai tsanani da ƙin cin abinci don neman rama, al'adarta na iya ɗaukewa. In ta ɗauke wata uku ba ciki ba, a ga likita, domin ƙashi ke raunana a ɓoye. Mai ciki, mai jego, mai asma, hawan jini ko ciwon zuciya, sai da izinin likita. Ciwon ƙirji ko ganin duhu a tsakiyar atisaye kuwa, a tsaya nan take.

Aikin aji: mace mai shekara 25 ta ƙirga bugu 42 cikin daƙiƙa 15. Nawa ke nan a minti ɗaya, kuma ta kai tsananin da ake so?