Kurakuran da aka fi yi wajen ceto kifin betta da aka yi wa sakaci

A bazarar da ta wuce ɗan ƙanwata ya shigo gidana a unguwar Zango rungume da wata kwalbar mayonez, ya ce: "Kawu, kifin nan da abokina ya bar mini yau kwana uku ke nan bai ci komai ba." Ruwan kwalbar ya yi duhu, ɓarɓashin burodi ya kwanta a gindinta ya ruɓe, kifin kuma yana kwance a ƙasa, fukafukansa a manne da jiki, bakin wutsiyarsa ya zagwanye ya yi baƙi kamar tsumman da wuta ta lasa. Kifin betta ne, wanda ake kira kifin faɗa na Siyam, wato tsohon sunan ƙasar Tailan, inda asalinsa yake cikin gonakin shinkafa da fadamu marasa zurfi, kuma inda aka ayyana shi a matsayin dabbar ruwa ta ƙasa a shekarar 2019. Tsawonsa bai cika wuce santimita 7 ba, kuma idan ya sami kulawa yakan yi shekara uku ko fiye. Irin wannan kifi da aka yi wa sakaci, galibi ruwa ne ciwonsa, kuma gaggawar mai son cetonsa takan ƙarasa abin da sakacin ya fara.

Kuskuren da ya haifi sauran shi ne zaton cewa kwalba ta ishe shi. Abin da ke ruɗin mutane shi ne betta yana da wata gaɓa ta musamman a cikin kansa wadda take ba shi damar hawowa saman ruwa ya shaƙi iska kai tsaye, saboda haka yakan daɗe da rai a ruwan da zai kashe wani kifin cikin kwana ɗaya. Jurewa yake yi, yana shan wahala. Gyaran shi ne a sama masa akwatin gilashi mai cin lita 20 zuwa sama, kuma mai faɗi ya fi mai zurfi, domin kifin da ya galabaita yana wahala wajen hawowa numfashi. Masu yankan gilashi za su iya haɗa mai tsawon santimita 40, faɗi 25, tsayi 25, wanda ke cin lita 25, sai dai a tabbatar gam ɗin silikon da za su liƙa shi ba mai maganin fumfuna ba ne, domin wannan maganin guba ne ga kifi. Kafin a gama haɗawa, sabuwar robar da omo bai taɓa shiga ba za ta wadatar. Murfi wajibi ne, saboda betta yana tsalle, kuma ƙurar hunturu ba ta raga wa ruwan da ke buɗe, amma a bar tazarar yatsa biyu ko uku ta iska tsakanin ruwa da murfin.

Daga nan sai kuskuren da ya fi ba ni takaici, domin tausayi ne ke jawo shi. Mutum ya ga kifi cikin ƙazanta, sai ya tsame shi nan take ya jefa a sabon ruwa mai sanyi, da safe ya tarar ya mutu, ya ce ai da ma kwanansa ya ƙare. Jikin kifin da ya yi makonni a gurɓataccen ruwa ya riga ya saba da zafinsa da tsaminsa, kuma sauyi na farat ɗaya yana gigita shi fiye da ƙazantar kanta. Abin da ya dace shi ne a juye shi tare da ɗan tsohon ruwansa a wani kofi mai tsabta, a ɗora kofin yana yawo a saman sabon ruwan na minti 20 har zafinsu ya zo ɗaya, sannan a riƙa ƙara masa cokali biyu ko uku na sabon ruwan duk bayan minti biyar har kusan awa guda. Bayan haka a saki kifin shi kaɗai, a zubar da ruwan kofin. A ranar kada a ba shi abinci, kada a haska masa fitila, a kuma hana yara ƙwanƙwasa gilashin.

Batun ruwa a Damagaram ba sai an yi wa kowa dogon bayani ba, kuma wasu na ganin kiwon kifi ɓarnar ruwa ce a garin da ake kwana ana jiran famfo. Lissafin bai kai haka ba: akwati mai lita 20 yana bukatar a canja kashi ɗaya cikin huɗu a mako, wato lita 5, ke nan bido guda mai lita 25 zai wuce wata, tsohon ruwan kuma taki ne ga shukar tsakar gida. Inda ake kuskure shi ne wajen irin ruwan. Na famfo yana ɗauke da sinadarin kulorin, wanda ke ƙona wurin numfashin kifi, don haka a ɗiga masa maganin cire kulorin na masu kiwon kifi, idan kuma ba a samu ba a bar shi a buɗe ya kwana ya wuni kafin a zuba. Idan daga hannun ƴan ga-ruwa aka saya, a ware bido na musamman wanda aka san mai ko jabel bai taɓa shiga cikinsa ba. Ruwan randa kuwa, duk daɗinsa a maƙoshi, ya fi na akwatin sanyi ƙwarai, sai an ajiye shi a ɗaki ya huce sanyinsa. Akwai kuma masu cike gurbin abin da zafi ya tsotse kawai, suna ɗaukar hakan a matsayin canji, alhali tururi ruwa zalla yake ɗauka, ya bar gishiri da dauɗa suna ƙara kauri. Sai an ɗebe tsohon daga ƙasa da siririn tiyo kafin a ce an canja.

Akasin mai sakaci shi ne mai tsabtar da ta wuce kima, wanda duk Juma'a yake kwashe komai ya wanke da sabulu. Kashin kifi da ragowar abinci suna zama sinadarin amoniya, wanda guba ne, kuma wasu ƙwayoyin bakteriya masu amfani da ke zaune a jikin soson matata, wato abin tace ruwan akwatin, da tsakuwa su ne ke mayar da shi nitirait, sannan nitirat, mai sauƙin illa, wanda canjin ruwa ke ragewa. Waɗannan ƙwayoyi sukan ɗauki mako huɗu zuwa shida kafin su kafu a sabon akwati, kuma wankin sabulu ko na ruwan famfo yana iya hallaka su. Saboda haka a makonnin farko a riƙa canja kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan kullum ko bayan kwana biyu, soson kuma a matse shi a hankali cikin tsohon ruwan da aka ɗebe. Matata mai soso wadda ƙaramin injin iska ke turawa ta fi dacewa, domin dogayen fukafukan betta ba sa jure ruwa mai ƙarfin gudu. Idan wuta ta ɗauke na awowi da yawa, kamar yadda muka saba a watannin zafi, a rage abinci a ranar, a canja ɗan ruwa. Duwatsun da suka kewaye garinmu suna da kyau a cikin akwati idan an goge su da ruwa zalla, an kuma zaɓi marasa kaifi.

Zafin da betta ke so yana tsakanin digiri 24 da 28, kuma yanayinmu yana fita daga wannan iyaka ta ɓangarori biyu. A Afirilu da Mayu, lokacin da zafin rana ke haura digiri 40, akwatin da ke kusa da taga ko ƙarƙashin kwano marar silin yakan zama tukunya. Jefa ƙanƙara a ciki kuskure ne. A mayar da shi ɗaki mafi sanyi, a ɗaga murfin a sa raga a madadinsa, a bar fanka tana kaɗa saman ruwan. Abin da aka fi mantawa da shi kuwa shi ne daren Disamba da Janairu, inda ruwa kan yi sanyi har kifin ya daina motsi, wani lokaci fararen ɗigo kamar gishiri su feso masa a jiki. Ƙaramar na'urar ɗumama ruwa mai wat 25 da ma'aunin zafi suna magance wannan.

Ina roƙon duk mai kifi a ɗaki ya kula da maganin sauro. Na fesawa da na kunnawa duk suna ɗauke da sinadaran da ke kashe kifi ko da ɗan kaɗan ne ya sauka a ruwa. A fitar da akwatin daga ɗakin da ake fesawa, idan kuma ba zai ɗauku ba a kashe injin iska, a lulluɓe shi da kyau har warin ya fita.

Abinci kuma, betta macin ƙwari ne, burodi da tuwo da biskit ba cimarsa ba ce, ruɓewa kawai suke yi a ruwa. Ƙwaya biyu zuwa huɗu na abincin da aka yi dominsa, safe da yamma, sun isa, a kwashe abin da ya rage. Yana matuƙar son tsutsar sauro, amma kada son kifi ya sa a ajiye ruwa a gida sauro na haihuwa a ciki. Wanda ya daɗe da yunwa a fara masa da ƙwaya ɗaya, domin cika masa ciki a lokaci guda yana kumbura shi har ya kasa daidaita iyo. Kada kuma a nemo masa abokin zama don tausayi, maza biyu a akwati ɗaya faɗa za su yi har ɗaya ya illata ɗaya.

Saura masu garzayawa farmasi su fasa kafso a ruwa, ko su barbaɗa gishiri da kanwa da ka. Zagwanyewar wutsiya, idan ba ta ci har jiki ba, ruwa mai tsabta da ɗumi kan tsayar da ita, magani barkatai kuwa yana kashe ƙwayoyin matata ya bar kifin cikin amoniya. Kifin ɗan ƙanwata ya karɓi ƙwayar farko a rana ta huɗu. Wajen mako na uku wani siririn layi garai kamar leda ya bayyana a bakin wutsiyar, yaron ya tsorata ya zaci sabuwar cuta ce, alhali sabon tsiro ne, wanda kan fito babu launi, sai daga baya ya rine ya yi shuɗi kamar sauran jikin.