Darasi na Bakwai: Bushewar Gaba Bayan Daina Al'ada

Wata mata mai shekara 52 ta je asibiti. Ma'aikaciyar jinya ta tambaye ta abin da ke damunta, ta ce ciwon baya. Aka duba ta, aka rubuta mata magani. Har ta kai bakin ƙofa sai ta juyo, ta yi ƙasa da murya.

"'Yata, akwai kuma wani abu. Sanyi ne ya ƙi jin magani. Wata takwas ke nan ina sha, ina matsawa, kamar ƙara masa wuta ake yi."

"Dawo ki zauna, Mama. Yaushe rabonki da al'ada?"

"An fi shekara biyu."

"Akwai ruwa mai wari ko mai kauri da ke fita?"

"Ruwa kuma? Ai wurin ƙamas yake. Ko zama na daɗe sai in ji raɗaɗi."

"To Mama, bari mu duba. Da wuya in sanyi ne."

Aka duba, ba sanyi ba ne. Bushewa ce. Wata takwas tana maganin cutar da ba ta da ita.

Abin da ke faruwa a jiki

Yawancin mata suna daina al'ada tsakanin shekara 45 da 55. Idan mace ta yi wata 12 cur ba ta ga jini ba, kuma ba ciki ba ne, ba wani magani ne ya tsayar da shi ba, to al'ada ta yanke.

A gefen mahaifa, dama da hagu, akwai ma'ajiyar ƙwai. Ita ce ke samar da wani sinadari da likitoci ke kira isturojin. Shi ne ke sa fatar cikin gaba ta yi kauri, ta yi laushi, ta riƙa miƙewa, kuma ta kasance da ni'ima. Idan al'ada ta zo yankewa, sinadarin yakan ragu sosai. Sai fatar ta yi siriri, damshinta ya ja baya, ɗan gogayya kaɗan ta ji mata ciwo. Ki tuna yadda leɓe ke yi idan ya bushe: ko murmushi kika yi sai ya tsage. Kusan haka ne, sai dai wannan ba a gani.

Akwai kuma wani abu da ba kowa ta sani ba. Cikin gaba akwai wasu ƙwayoyin bakteriya masu amfani. Aikinsu shi ne su sa wurin ya kasance da ɗan tsami, tsamin kuwa shi ke hana ƙwayoyin cuta zama. Idan isturojin ya ragu, su ma sai su ragu, tsamin ya yi rauni. Mafitsara da hanyar fitsari su ma suna dogara da wannan sinadari. Shi ya sa mace za ta ga fitsari yana matsa mata akai-akai, ko yana mata zafi, ko ciwon mafitsara yana tafiya yana dawowa.

Kusan rabin matan da suka daina al'ada suna samun wani abu daga cikin waɗannan alamu. Masu shayarwa ma sukan samu na ɗan lokaci, haka wadda aka cire wa ma'ajiyar ƙwai ko take karɓar maganin kansa.

Ga inda mata da yawa ke kuskure. Zafin da ke taso wa mace farat ɗaya, da gumin dare, yawanci sukan lafa bayan wasu shekaru. Bushewar gaba ba haka take ba. Idan aka ƙyale ta, takan zauna, sau da yawa ma ta ƙaru. Don haka "bari in yi haƙuri, zai wuce" ba ya aiki a nan.

Wanki ba ya maganinta

Mace idan ta ji ƙaiƙayi, abin da ke fara zuwa mata shi ne ko tsabta ce ta gaza. Sai ta ƙara sabulu, ta ƙara ruwan zafi, ta zuba maganin kashe ƙwayoyin cuta a ruwan wanka, ta sa yatsa ta wanke har ciki. Garin neman ƙiba sai a samo rama. Sabulu yana kwashe ɗan maiƙon da ya rage wa fata, wankin ciki kuma yana kore ƙwayoyin nan masu amfani da dama sun yi ƙaranci.

Cikin gaba yana tsabtace kansa. Waje kawai za ki wanke, da ruwa mai ɗumi, da tafin hannu, ba da soso ba. In kin gama, ki ɗan danna tawul mai laushi a wurin har ruwan ya tsane, kada ki goge da ƙarfi. Turare, hoda, sabulu mai ƙamshi da duk wani abu da ake cusawa don matsi ko ƙamshi, a ajiye su gefe. Abin da ke matse wuri ta hanyar busar da shi, a kan fatar da ta riga ta yi siriri, rauni kawai zai bari. Ki zaɓi kamfai na auduga wanda bai matse ba. Bayan bahaya, a goge daga gaba zuwa baya.

Abubuwa uku da ake rikita su

Na farko, man santsi. Ana shafa shi ne lokacin saduwa kawai, don rage gogayya. Akwai wanda aka yi da ruwa, akwai na silikon wanda ya fi daɗewa bai bushe ba. Ki guji mai ƙamshi da wanda aka ce yana sa ɗumi, don sukan yi raɗaɗi. Idan kuna amfani da kwaroron roba, kada ki sa basilin ko wani mai, domin mai yana cin roba har ta fashe.

Na biyu, man riƙe damshi. Wannan ba ruwansa da saduwa. Ana sa shi cikin gaba duk bayan kwana 2 ko 3, ya riƙe wa fata ruwa. Ko ba ki da miji, ko kun daɗe ba ku kusanci juna ba, zai rage miki raɗaɗin zama da tafiya. A kantin magani, tambayar da za ki yi ita ce: "Wannan na lokacin saduwa ne, ko na sawa a kai a kai?"

Na uku shi ne ke taɓa tushen matsalar: isturojin na sawa a gaba. Yana zuwa a matsayin man shafawa, ko ƙaramar ƙwaya da ake turawa, ko zobe mai laushi da ake canzawa duk wata 3. Yawanci akan fara da sawa kullum na mako 2, sannan a koma sau 2 a mako. Kaɗan ne ƙwarai daga cikinsa ke shiga jini, don haka ya sha bamban da ƙwayar isturojin da ake haɗiya. Ba ya aiki dare ɗaya. A ba shi makonni, wani lokaci har wata 3. Idan aka daina, bushewar takan dawo. Likita ne ke rubuta shi, kuma wadda ta taɓa yin kansar nono sai ta fara shawara da likitan da ke kula da ita. Kada ki karɓi ragowar na ƙawarki.

Maganar maigida

Ni dai a ganina, shiru ya fi bushewar ɓarna a cikin gida. Matar tana jin zafi, tana kawo uzuri. Mijin yana zaton an gaji da shi. Kowa ya juya baya, alhali kalma biyu za ta warware. Ki faɗa masa a lokacin da hankali ke kwance, ba a kan shimfiɗa ba. Idan nauyi ya hana ki, ki miƙa masa wannan shafi ya karanta. Jiki a wannan shekarun yana buƙatar wasa mai tsawo kafin ya shirya, kuma idan zafi ya zo, a dakata. Daurewa tana sa naman wurin ya koyi ɗaurewa da kansa, gobe zafin ya fi na yau.

A kula: ciki na iya shiga kafin al'ada ta yanke gaba ɗaya. Mai tsarin iyali ta ci gaba har shekara 2 bayan jinin ƙarshe idan ba ta kai 50 ba, ko shekara 1 idan ta haura 50.

Lokacin da ba a jira

Duk jinin da ya fito bayan an yi wata 12 babu al'ada, ko ɗigo ɗaya ne, ko bayan saduwa ne, a je asibiti. Sau da yawa siririyar fatar ce ta tsage, amma yana iya zama alamar farko ta kansar mahaifa, kuma gwaji ne kaɗai ke rarrabewa. Haka ruwa mai wari, ƙurji ko gyambon da ya ƙi warkewa, farin tabo a fatar waje, da zafin fitsari mai haɗe da zazzaɓi ko ciwon kwiɓi. Ƙaiƙayin da ke yawan dawowa kuwa, a nemi gwajin suga.

Aikin gida

Ki ɗauki littafinki ki rubuta wata da shekarar da kika ga al'adarki ta ƙarshe. A ƙasa ki rubuta abin da kike ji, da kalmominki: ƙaiƙayi, raɗaɗi, zafin fitsari, zafin saduwa. Ki ƙara da sunan duk abin da kika sha ko kika sa a wurin. Ranar zuwa asibiti ki tafi da takardar, ki miƙa ta tun kina zama, kafin a fara maganar ciwon baya.